Charles Fortescue: Injiniyan da lissafinsa ke gano matsalar layin lantarki tun 1918

Da damina, idan hadari ya taso da iska a yankin Makarfi, Ikara ko Kudan, sau da yawa reshen bishiya kan faɗa wa wayar lantarki, nan take wuta ta ɗauke. Wata na'ura ce a tashar rarraba wuta ke gane an samu matsala, ta yanke layin kafin taransifoma ta ƙone. Lissafin da irin waɗannan na'urori ke dogaro da shi, wani injiniya ɗan Kanada, Charles Fortescue, ne ya samar da shi.

An haifi Fortescue a shekarar 1876 a York Factory, wani sansanin cinikin fatu da ke gaɓar tekun Hudson a arewacin Kanada, inda mahaifinsa ke aiki da kamfanin Hudson's Bay. Ya kammala karatun injiniyan lantarki a Jami'ar Queen's a 1898, daga nan ya kama aiki da kamfanin Westinghouse a Pittsburgh ta Amurka. Bai sauya wurin aiki ba har ƙarshen rayuwarsa.

Babban layin lantarki wayoyi uku ne, kamar duwatsun murhu. Idan ukun sun daidaita, tukunya ta zauna daram, lissafi ma ya zo da sauƙi. Amma galibin matsaloli waya ɗaya suke shafa, ta taɓa ƙasa ko bishiya, biyun kuma suna nan lafiya. A zamaninsa, lissafa wutar da za ta kwarara a irin wannan hali jan aiki ne.

Tun 1913 yake nazarin yadda injinan lantarki ke aiki idan wayoyin ba su daidaita ba. A watan Yunin 1918, a taron injiniyoyin lantarki na Amurka a Atlantic City, ya gabatar da maƙalar da ta nuna cewa duk yadda wutar wayoyin uku ta karkace, ana iya raba ta kashi uku masu daidaito. Kashi na farko yana juyawa yadda aka saba. Na biyu yana juyawa baya, shi ne ke zafafa janareta. Na uku kuma yakan bi ta ƙasa. Da zarar kashi na biyu ko na uku ya yi yawa, an san akwai matsala, an kuma san irinta.

Maƙalar ta yi wa mutane tsauri, sai da abokan aikinsa biyu, Wagner da Evans, suka sauƙaƙa ta a littafinsu na 1933. Ya yi kuma bincike kan yadda tsawa ke faɗa wa layukan wuta. Cibiyar Franklin ta karrama shi da lambar yabo a 1932. Ya rasu a watan Disambar 1936 yana da shekara 60.

Yau lissafin nasa ya samu sabon aiki. Manyan janaretocin Kainji, Jebba da Shiroro kan tunkuɗo wuta ninkin-ba-ninkin idan waya ta taɓa ƙasa, shi ya sa na'urorin kariya ke saurin ganewa. Inbatar da ke shigar da wutar sola cikin layi ba ta iya haka, ɗan abin da take ƙarawa kaɗan ne, in ya wuce ta ƙone. Ke nan ana iya samun matsala na'urar kariya ba ta gani ba, ko inbatocin su janye gaba ɗaya. A watan Agustan 2016, gobarar daji ta taɓa layukan wuta a Kalifoniya, wutar sola kimanin megawat 1,200 ta ɓace lokaci guda.

Shi ya sa ƙa'idar da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar a 2022 ta buƙaci inbatocin manyan tashoshi su ci gaba da aiki lokacin matsala, su kuma fitar da wannan kashi na biyu da gangan domin na'urar kariya ta gane wayar da ta samu matsala. Duk jihar Arewa da ke shirin haɗa babbar tashar sola da layin ƙasa, sai injiniyoyinta sun zauna da wannan lissafi na 1918 kafin a kunna wuta.