Marigayi Alhaji Musa Ɗanƙwairo: Ɗan Amshin Da Ya Zama Jagora

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a wajajen shekarar 1907 a ƙasar Bakura, wadda yanzu take cikin Jihar Zamfara. Gidansu gidan kiɗa ne. Mahaifinsa Usman Ɗankwanda makaɗin noma ne, haka ma kakansa.

Ko sunan da duniya ta san shi da shi, murya ce ta jawo masa. A cikin yaran mahaifinsa akwai wani mai suna Ƙwairo, wanda Allah ya ba zaƙin murya. Da Musa ya taso aka ji muryarsa ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo.

Amma zaƙin murya kaɗai bai mai da shi gwani ba. Tun yana ƙaramin yaro yake bin mahaifinsa wurin kiɗa yana amshi. A nan ya koyi inda ake ɗaga murya da inda ake sauke ta, da lokacin da ake jan numfashi don kada baiti ya yanke a tsakiya. Bayan rasuwar mahaifinsa, wansa Kurna ne ya gaji shugabancin kiɗan, shi kuwa ya ci gaba da zama a ƙarƙashinsa. Ya daɗe yana bi kafin a bi shi.

Daga kiɗan noma ya koma kiɗan fada da kotso, ya zama makaɗin Sarkin Ƙayan Maradun. Sunansa ya game Arewa lokacin da ya yi wa Sardaunan Sakkwato Ahmadu Bello waƙa. Ya kuma yi wa sarakuna da yawa, har da Sarkin Kano Ado Bayero.

Abin da ya bambanta shi shi ne yadda ya horar da 'yan amshinsa. Duk wanda ya kasa kunne zai ji jagora ya fara magana, wasu su karɓe su ƙarasa, wasu kuma su ɗora, babu mai taka wani. Wannan ba ya samuwa sai da maimaici mai yawa. Ashe shi ma malami ne, sai dai ajinsa ba shi da allo. 'Ya'yansa na cikin ɗalibansa, kuma sun riƙe sana'ar bayansa.

A darasin kimiyya mun koyi cewa iska ce take fitowa daga huhu, ta kaɗa wasu tantani biyu a cikin maƙogwaro, sai murya ta fito. Ihu da ƙura da hayaƙi suna gajiyar da su har murya ta dishe. Mu da muke zaune kusa da masana'antun Challawa, ga kuma ƙurar hunturu, ya kamata mu kula. Muna roƙon malaman da ke koya mana waƙe da ƙira'a su haɗa mana ilmin nan biyu: horo irin na gidan Ɗanƙwairo, da sanin yadda maƙogwaro yake aiki.

Ɗanƙwairo ya rasu a shekarar 1991, amma har gobe gidajen rediyon Kano suna sa waƙoƙinsa. Ɗalibin da ke gaggawar riƙe makirifo ranar taron makaranta ya tuna cewa sai an yi rarrafe ake tafiya. Allah ya jiƙansa da rahama, amin.

Daga wakiliyarmu ta aji biyu