Gerolamo Cardano: Likitan da ya ƙirga sa'a, caca kuma ta shiga gidansa

Sai da Gerolamo Cardano ya shekara 87 a kabari kafin a buga ɗan littafin da ya rubuta a kan caca. Littafin, Liber de Ludo Aleae, ya fito a 1663, kuma masana tarihin lissafi na ɗaukarsa yunƙuri na farko na tsara ilimin yiwuwa.

An haife shi a birnin Pavia na Italiya a 1501, ba ta hanyar aure ba, kuma wannan tabo ya daɗe yana bin sa. Ya karanci likitanci a Padua, amma ƙungiyar likitocin Milan ta ƙi karɓarsa har zuwa 1539. A shekarun da aka rufe masa ƙofa, karta da dara da ƙwayar lido ne suka riƙa ciyar da shi, wani lokaci kuma suka tsiyata shi.

A teburin caca ya kai ga abin da ya sa ake tunawa da shi. Ya ce kafin a zuba kuɗi, a ƙirga duk hanyoyin da wasa zai iya faɗuwa, a ware waɗanda ke kawo nasara, sannan a gwama. A kartar zamani mai ganye 52, sarakuna huɗu ne, don haka lissafi ya ce damar zaro sarki ɗaya ce cikin 13. Wannan ita ce yiwuwa ta ƙa'ida. Abin da hannu zai zaro kuwa daban ne. Wanda ya zara sau 26, yana mayar da ganyen yana sake cakuɗawa, lissafi na sa ran ya ga sarki sau biyu, amma kusan mutum ɗaya cikin takwas ba zai gan shi ko sau ɗaya ba. Sai zarar ta yi yawa ƙwarai sakamakon gwaji ke matsowa kusa da ƙa'ida. Cardano ya hango haka, amma hujjar ta jira littafin Jacob Bernoulli na 1713.

A wannan tazara ce matashin da ke buga karta a rumfa a Bagudo, ko mai cacar ƙwallo ta waya, ke ruɗuwa: ya ci sau uku a jere, ya ɗauka ya gano sirri. Cardano ya san wata fuskar ma. Idan sakamako ya daɗe yana kauce wa lissafi, akwai dalilin zargin maguɗi, shi ya sa ya yi bayanin yadda ake yi wa karta alama. Shi kansa ya taɓa yankar wani da wuƙa a fuska a Venice kan irin wannan zargi.

Ɗaukaka ta zo daga baya. Ya wallafa Ars Magna a 1545, aka kuma gayyace shi Scotland a 1552 don ya yi wa Archbishop John Hamilton magani. Sai dai gida ya rushe. An kashe babban ɗansa Giambattista a 1560 bisa laifin sa wa matarsa guba. Ƙaramin, Aldo, ya zama ɗan caca, har ya yi wa mahaifinsa sata.

A 1570 kotun Coci ta tsare Cardano a Bologna bisa zargin kauce wa aƙida, ta raba shi da koyarwa. Ya koma Rum, ya rasu a can a watan Satumban 1576.