Richard Shope (1901–1966): Likitan da ya Bi Sawun Murar 1918

1.0 Gabatarwa

A watan Satumba na 1918, zamanin Sarkin Zazzau Aliyu Ɗan Sidi, annobar mura ta sauka a tashar jiragen ruwa ta Legas. Daga nan ta biyo layin dogo zuwa Arewa, ganuwar birnin Zariya kuwa ba ta tare ta ba. Masana tarihi sun ƙiyasta cewa kimanin mutum 500,000 suka rasu a Nijeriya, a duniya kuma wajen miliyan 50. Likitocin zamanin ba su san abin da ke kashe jama'a ba. Akasarinsu sun ɗora laifin a kan wata bakteriya da Bajamushe Richard Pfeiffer ya gano a 1892. Wannan maƙala ta waiwayi rayuwar mutumin da ya fara warware wannan ƙulli.

2.0 Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Richard Edwin Shope ranar 25 ga Disamba, 1901, a Des Moines ta jihar Iowa, yankin noma da kiwo a Amurka. Ya kammala karatun likitanci a Jami'ar Iowa a 1924. A 1925 ya kama aiki a reshen Cibiyar Rockefeller da ke Princeton, ƙarƙashin malaminsa Paul Lewis.

3.0 Bincikensa

Tun a 1918 wani jami'in lafiyar dabbobi mai suna J. S. Koen ya lura cewa aladun Iowa suna fama da zazzaɓi da tari irin na masu kiwonsu. Annobar ta ɗauke daga kan mutane, amma ta ci gaba da dawo wa aladu duk shekara. A 1928 Shope ya soma nazarin wannan cuta tare da Lewis. Shekara guda bayan haka Lewis ya rasu a Brazil sanadiyyar shawara, cutar da ya je bincike a kanta, aikin ya koma wuyan ɗalibinsa.

Da farko sun samu bakteriya mai kama da ta Pfeiffer a huhun aladun, sai dai da aka ɗura ta ita kaɗai ga lafiyayyu ba su kamu ba. Sai Shope ya tace majinar marasa lafiyar da mataci mai ƙananan ƙofofin da bakteriya ba ta iya ratsawa. Ruwan da ya tsiyaye ya haifar da 'yar mura mai sauƙi. Da ya gauraya ruwan da bakteriyar, cutar ta fito da dukkan zafinta. A 1931 ya wallafa sakamakon: tushen cutar bairas ne, ƙwayar da ta fi bakteriya ƙanƙanta nesa ba kusa ba, ita kuwa bakteriya tana tsananta ciwon ne kawai.

Wannan ya share fage ga Wilson Smith da Christopher Andrewes da Patrick Laidlaw, waɗanda suka ware bairas ɗin murar ɗan Adam a Landan a 1933. A 1936 Shope ya auna jinin mutane, ya tarar na manya yana da garkuwar da ke karya lagon bairas ɗin aladu, na ƙananan yara kuwa galibi babu. Daga nan ya yanke cewa bairas ɗin aladu jinin na 1918 ne, wanda ya samu mafaka a jikin dabba.

4.0 Kammalawa

Shope ya samu lambar yabo ta Lasker a 1957, ya rasu ranar 2 ga Oktoba, 1966, ba tare da ya riski tabbacin hasashensa ba. Sai a 1997 Jeffery Taubenberger da abokan aikinsa suka fara karanta ƙwayoyin gadon bairas ɗin daga guntayen huhun wani sojan Amurka da aka adana. Da taimakon gawar wata mata da ƙanƙara ta kiyaye a Alaska, suka kammala a 2005. Bairas ɗin nau'in H1N1 ne, ɗan'uwan na aladu na kusa. Bincike ya kuma nuna cewa akasarin mamatan 1918 ciwon huhu na bakteriya ne ya ƙarasa su bayan bairas ya buɗe ƙofa, wato irin haɗin bakin da Shope ya gani a aladu. Ga mai nazarin tarihin Zazzau, wannan ne bayanin abin da ya auka wa waɗanda aka binne a birnin a ƙarshen 1918.