Terens: Bawan da Ya Zama Malamin Latin na Duniya

'Yan uwa tsofaffin ɗalibai, duk wanda ya sha wuyar haddar kalmomin Latin a makaranta, in aka ce ya ambaci marubutan Rum, Kaisar da Sisero da Bajil zai fara kirgawa. Kaɗan ne za su tuna da Terens, alhali kuwa shekaru aru-aru da littattafansa ake buɗe wa yara ido a wannan harshe. Ga shi ba Barume ba ne, kuma ba a ɗa ya shiga Rum ba.

Cikakken sunansa Publius Terentius Afer. An haife shi a birnin Kartaj, inda ƙasar Tunisiya take a yau, tsakanin shekara ta 195 da 185 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Tun yana yaro aka kai shi Rum a matsayin bawa, ya faɗa hannun wani ɗan majalisar dattawa mai suna Terentius Lucanus. Ubangidan ya ga yaron da kaifin basira, sai ya sa aka koyar da shi, daga baya ya 'yanta shi. Bisa al'adar Rumawa, 'yantaccen bawa sunan ubangidansa yake ɗauka, to nan ya sami Terentius. Shi kuwa Afer, ma'anarsa mutumin Afirka.

Wasannin kwaikwayo shida kacal ya rubuta, dukkansu na barkwanci, daga shekara ta 166 zuwa 160. Huɗu ya ɗauko tushensu daga Menanda, sauran biyun daga Apollodorus, duka marubutan Girka. Wannan ba abin kunya ba ne a lokacin, haka kowa yake yi. Abin da ya jawo masa rigima shi ne yadda yakan haɗa wasanni biyu ya fitar da ɗaya. Wani tsohon marubuci, Luscius, ya sa shi gaba da suka, yana cewa yana ɓata kayan Girkawa. Sa'an nan aka shiga yaɗa jita-jitar wai ba shi ke rubutun ba, abokansa 'ya'yan manya, Scipio Aemilianus da Laelius, su ke yi masa. A ganina dalilin a fili yake: da wuya wasu su yarda cewa wanda aka sayo jiya ya fi su iya harshen kakanninsu. Terens bai fito ya ƙaryata ba kai tsaye, ya dai nuna cewa taimakon irin waɗannan mutane abin alfahari ne. Wa zai so ya ɓata da masu riƙe da shi?

'Yan kallo ma sun gwada masa haƙuri. Wasansa Hecyra, wato uwar miji, an fara nuna shi a 165, amma hankalin jama'a ya koma kan 'yan dambe da wani mai tafiya a kan igiya, dole aka tsaya. A 160 aka sake gwadawa, sai labari ya bazu cewa za a yi faɗan takobi, taro ya rikice. Sai a karo na uku, cikin shekarar dai, aka kalli wasan har ƙarshe. Eunuchus kuwa ya karɓu nan take a 161, har aka biya shi kuɗin Rum 8,000, abin da ba a taɓa biyan mai wasan barkwanci ba kafinsa.

Wasan da ya kamata malamanmu su nema shi ne na ƙarshe, Adelphoe, wato 'yan uwa. Dattawa biyu ne, wa da ƙane. Demea manomi ne mai tsanani, yana da 'ya'ya maza biyu, ya riƙe ɗaya, ya ba ɗan uwansa Micio ɗaya riƙo. Micio mutumin birni ne, lallashi da sakin fuska ya sani. Kowannensu yana ganin shi ya iya tarbiyya, yana yi wa ɗayan dariya, alhali yaran duka biyu suna tafka ta'asarsu a ɓoye, na gidan tsanani ma ya fi iya ɓoyewa. Mai kallo zai ɗauka Micio ne ya yi nasara, sai a ƙarshe Demea ya juya ya shiga rabon alheri da dukiyar ɗan uwansa, har ya sa shi auren wata tsohuwa, don ya nuna masa cewa farin jinin da aka saya da sakaci ba shi da wuyar samu. Har yau masana ba su daina gardama a kan wanda marubucin ya goya wa baya ba.

Bayan wannan ya tashi zuwa Girka, bai dawo ba. Ya mutu a 159, wasu sun ce jirginsu ne ya nutse, wasu sun ce ciwo ne ya kama shi a can. Ko da wane lissafi aka bi, bai kai shekara 40 ba. Shekara 13 bayan mutuwarsa, a 146, abokin nan nasa Scipio ya jagoranci rundunar da ta rushe Kartaj.

Wasannin shida duk sun tsira, kuma makaranta ce ta tsirar da su. Latin ɗinsa mai sauƙi ne, tsaftatacce, irin na hirar yau da kullum, don haka malaman Rum suka sa shi cikin marubuta huɗu da ɗalibi zai karanta, tare da Bajil da Sisero da Salus. A ƙarni na 4 malamin nahawu Donatus ya yi masa sharhi. A ƙarni na 10 wata mai zaman zuhudu a Jamus, Hrotsvitha, ta damu da yadda Kiristoci ke karanta shi duk da batsar da ke cikin labaransa, sai ta rubuta nata wasanni shida don su maye gurbinsa. Ba su maye ba. An buga shi da injin ɗab'i a Strasbourg tun 1470, kuma a 1671 Molière na Faransa ya gina wasansa na Scapin a kan Phormio na Terens.