Thurgood Marshall, Lauyan 'Yan Makaranta

Mutumin da na zaɓa in ba da tarihinsa a mujallarmu ta bana lauya ne baƙar fata, ɗan ƙasar Amurka, wai shi Thurgood Marshall. An haife shi a birnin Baltimore cikin 1908, zamanin da doka ta ware makarantun baƙar fata dabam da na farar fata a jiharsu ta Maryland da jihohin kudu. Yana da ƙiriniya ƙwarai a makaranta, horon da akan yi masa kuwa shi ne a yanka masa wani sashe na tsarin mulkin ƙasar ya haddace. Da a nan ne, da yankan ciyawa zai sha. Ashe jari ake tara masa.

Ya gama Jami'ar Lincoln cikin 1930, inda marigayi Nnamdi Azikiwe ma ya yi karatu. Sashen lauyoyi na Jami'ar Maryland yana nan cikin garinsu, amma ba ya ɗaukar baƙar fata. Tilas ya riƙa bin jirgin ƙasa zuwa Jami'ar Howard a Washington, har mahaifiyarsa, wadda malamar makaranta ce, ta jinginar da zobenta na aure don ta biya masa kuɗi. Ya fito na ɗaya cikin 1933. Bayan shekara biyu ya kai Jami'ar Maryland ƙara, kotu ta tilasta mata ɗaukar ɗalibi baƙar fata.

Babbar shari'arsa ita ce ta Brown. Ran 17 ga Mayu 1954 alƙalai tara na Kotun Ƙoli suka yanke baki ɗaya cewa raba yara a makarantun gwamnati saboda launin fata ya saɓa wa tsarin mulki.

To, a nan ne abin ya fi ɗaure mini kai. Maimakon su bi hukunci, sai iyaye farar fata da yawa suka kwashe 'ya'yansu, suka buɗe makarantun kuɗi nasu na kansu. A gundumar Prince Edward ta jihar Virginia hukuma ta rufe makarantun gwamnati ƙaf daga 1959 zuwa 1964. 'Ya'yan farar fata suka ci gaba da karatu a makarantar kuɗi, 'ya'yan baƙar fata da yawa kuwa suka zauna gida. Shekara biyar fa, watau kamar yaro ya rasa aji ɗaya har zuwa aji biyar! Ni a ganina wannan ya fi wariyar farko muni, domin da ido buɗe aka yi shi.

Cikin 1967 Shugaba Lyndon Johnson ya naɗa Marshall alƙalin Kotun Ƙoli, shi ne baƙar fata na farko. Yana cikin alƙalan da suka yanke cikin 1976 cewa makarantar kuɗi ma ba ta da ikon ƙin ɗaukar yaro don launinsa. Amma kotu ba ta iya rage tsadar kuɗin makaranta. Ya yi ritaya cikin 1991, ya rasu cikin 1993. Da yawa daga cikin makarantun nan suna nan har yau a kudancin Amurka, kuma mafi yawan ɗalibansu farar fata ne.