Sarkin Kano Ibrahim Dabo da Ribaɗin Fanisau

Malam Ibrahim Dabo Basulluɓe ne, ƙanen Malam Jamo, ɗaya daga cikin shugabannin jihadi a ƙasar Kano. Da malanta aka fara saninsa tun kafin sarauta, har ma ya wallafa littafi da Larabci mai suna Kaff al-Ikhwan. Da Sarki Sulaimanu ya rasu a cikin shekarar 1819, sai Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya naɗa shi Sarkin Kano.

Sarautar ba ta zo masa da sauƙi ba. Garuruwa da dama suka ƙi yi masa mubaya'a, ya yi ta bin su da yaƙi, har aka yi masa laƙabi da Cigari. Wanda ya fi ba shi wuya shi ne Ɗantunku, wanda ya tokare shi daga arewa, daga bisani kuma ƙasarsa ta zama masarautar Kazaure. Saboda tsaron wannan ɓangare ne Dabo ya mai da Fanisau, da ke arewa da birni, ta zama ribaɗi, ya kuma kafa wani a Waceni.

Shi ribaɗi, watau zaman dako a bakin iyaka tare da ibada, ba a ƙasar Hausa ya fara ba. A Tunisiya, alal misali, akwai na Munastir wanda aka gina a shekarar 796, ginin dutse mai hasumiyar hangen abokan gaba, da wurin salla a cikinsa. A nan kuwa ba gini guda ba ne, gari ne sukutum. Ganuwa ce ta ƙasa ke kewaye da shi, a ciki ga gidan sarki, ga masallaci, an ɗora su da tubali, an yi rufi da azara. Saboda haka mai neman masallacin da ke da tasa katangar yaƙi a ƙasar Kano zai sha wuya. Ganuwar gari ita ce garkuwar masallaci, masu sahu a cikinsa kuma su ne masu fita daga.

A Fanisau ne matafiyin nan na Birtaniya, Clapperton, ya iske Dabo a sansani a 1824. A ganina wannan ya isa shaida cewa wurin ba ƙauyen shan iska ba ne a wancan zamani.

Sai dai akwai abin da masu yabo kan tsallake. Da ƙura ta lafa, Fanisau ta shahara da gandayen sarki da na manya, kuma bayi ne ke nomansu. Haka nan Dabo ya farfaɗo da sarautun bayin sarki na zamanin Haɓe don ƙarfafa mulkinsa.

Ya rasu a 1846, ɗansa Usman ya gaje shi. Sunan ribaɗin ya wanzu a Hawan Fanisau, ɗaya daga cikin hawan Salla na Kano.