LIKITA MILA DA IKILISIYAR GIMI

Ya ku 'yan'uwa da kuka shigo hanyar Almasihu kwanan nan, da ku masu bincike, a Gumbin Kure da Jega da Aliero da Maiyama,

A ƙarshen watan Maris na 2020, sa'ad da annobar korona ta shigo ƙasarmu, gwamnatin Jihar Kaduna ta hana taro a majami'u da masallatai. Idin Tashin Ubangiji ya zo ran 12 ga Afril, ƙofofi a kulle, kowa yana gidansa. Hankalin masu bi da yawa ya tashi, suna tambaya ko Allah yana karɓar sujadar da ba a yi ta cikin majami'a ba. Tambayan nan ta shafe ku ko babu annoba, gama waɗansunku ba su da majami'a kusa, waɗansu kuwa su kaɗai ne masu bi a gidansu. Domin wannan na ga ya kamata in ba ku labarin wani mutum da ya ga cuta ta watsar da ikilisiyarsa, ya kuma ga abin da Allah ya yi daga baya.

Sunansa Walter Miller, mutanen Zazzau kuwa su kan ce da shi Likita Mila. An haife shi a Ingila cikin 1872, ya koyi aikin likita a asibitin St. Bartholomew a birnin London. Da ya ba da kansa ga aikin ƙungiyar C.M.S., sai ya fara tafiya Turabulus domin ya koyi Hausa wurin fatake da alhazai. Cikin 1900 ya taso tare da Bishop Tugwell, su biyar, suka isa Kano. Sarkin Kano Alu bai yarda su zauna ba, suka komo Girku a ƙasar Zazzau. Can ɗaya daga cikinsu, Dudley Ryder, ya rasu. Likita bai fid da zuciya ba. Cikin 1905 ya sami wurin zama a cikin birnin Zariya, yana ba da magani, yana koya wa yara karatu, yana juya Maganar Allah da Hausa. Shekaru suka wuce, masu ba da gaskiya 'yan kaɗan ne.

Ana nan, cikin 1913, sai waɗansu mutane suka zo wurinsa, na jama'ar da a ke kira Isawa. Asalinsu almajiran Malam Ibrahim ne, wani malamin Kano wanda ya yi ta nazarin abin da aka faɗa a kan Isa ɗan Maryamu, har aka kashe shi saboda koyarwarsa a zamanin Sarki Abdullahi. Almajiransa suka watsu wajen Ningi da iyakar Zazzau. Fiye da shekara 40 ba su da majami'a, ba su da Linjila a hannu, amma suka riƙe abin da suka ji, suka koya wa 'ya'yansu, suna jiran cikakken labari. Da suka ji Bishara, da yawa suka karɓa. Aka ba su fili a Gimi, suka gina gari, suka yi gonaki da makaranta da wurin sujada. Wani fasto baƙar fata daga tsibiran Yamma, W. A. Thompson, ya zauna tare da su. Likita ya yi murna ƙwarai, gama abin da ya daɗe yana roƙo ke nan.

Amma akwai ƙudan tsando a kurmin rafin wurin, shi ne mai kawo ciwon barci. Mutum ya kan fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, sa'an nan kasala, sa'an nan barcin da ba a tashi. A lokacin nan magani mai ƙarfi bai iso ba tukuna. Cikin 'yan shekaru kaɗan cuta ta cinye mutane da yawa, manya da yara. Ku duba nauyin abin: ga likita, ga jama'arsa suna mutuwa, ba shi da ikon warkad da su. Daga ƙarshe aka ga babu dabara sai a tashi. Aka bar Gimi, gidaje suka zama kufai, aka kwashe sauran yara zuwa makarantar Likita a Zariya.

Mai duba da idon jiki sai ya ce aiki ya lalace. Amma ku manoman albasa kun san ba a barin iri a inda aka yafa shi. Sai an tuge shi an dasa kafin ya yi kai. Cikin 1929 aka ta da mishan daga cikin birni zuwa Wusasa, aka gina majami'a ta ƙasa mai suna St. Bartholomew, da asibiti da makaranta. Daga cikin jama'an nan aka sami Barau Dikko, likita na fari ɗan Arewa, da Ishaya Audu, wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. Likita Mila kansa bai so barin birni ba, gama mutum ne mai kafiya, ya kuwa sha saɓani da hukuma da abokan aikinsa. Ya koma Kano ya duƙufa ga fassara tare da waɗansu, har aka buga Littafi Mai Tsarki duka da Hausa cikin 1932. Bai yi aure ba. Ya rasu a Bukuru cikin 1952.

To, littafin nan ne ya sa ko an kulle ƙofa maigida ba ya rasa abin da zai karanta wa iyalinsa. Saboda haka, kadan annoba ko nisa ko ruwan damina ya hana ku taro, ga abin da za ku yi.

Na fari, kada ku bar ranar Lahadi ta wuce kamar sauran ranaku. Ku tara iyali a zaure ko a tsakar gida, a karanta sura, a yi waƙa, a yi addu'a. Ku duba alkawarin da ke cikin Matta 18:20, da ikilisiyar gidan Filimon.

Na biyu, ku bi dokar masu aikin lafiya. Barin Gimi ba rashin bangaskiya ba ne, tsare rai ne.

Na uku, ku tuna da marayu da gwauraye da maƙwabta, ko Kirista ko Musulmi. A aika da tuwo, a tambayi lafiya.

Na huɗu, ran da aka buɗe ƙofa ku koma taro da sauri, gama itace ɗaya ba ya daɗe yana ci a murhu.

Ubangiji ya tsare ku, ya ƙarfafa ku har ƙarshe. Amin.